Pinokiyo: Shin hali zanen dutse ne?

A ranar 27 ga watan Oktoban 1881, wata mujallar yara da ake bugawa mako-mako a birnin Roma na ƙasar Italiya ta kawo ƙarshen wani labari da ta shafe kusan wata huɗu tana fitarwa kashi-kashi.

Ƙarshen bai yi wa masu karatu daɗi ba, domin kuwa an bar tauraron labarin, wani mutum-mutumin katako mai suna Pinokiyo, rataye a jikin bishiya, bayan da wasu 'yan fashi biyu suka zarga masa igiya a wuya.

Marubucin, Carlo Collodi, ya rubuta babi 15 ke nan, kuma a ganinsa magana ta ƙare: wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.

Sai dai yaran da ke karanta mujallar, da kuma editocinta, sun matsa masa lamba a kan ya ci gaba. A watan Fabrairun 1882 labarin ya dawo, bai kuma tsaya ba sai a watan Janairun 1883, bayan da aka yi ƙarin babi 21.

Wannan ƙari ne ya mayar da labarin yaron da ya mutu da halinsa zuwa labarin yaron da ya sauya hali. Shi ya sa littafin ya zama misali mai kyau ga duk mai son fahimtar bambancin da manazarta adabi ke yi tsakanin tauraro mai sauyawa da tauraron da ba ya sauyawa.

Taurari iri biyu

A nazarin ƙagaggun labarai, tauraro shi ne duk wani mutum, ko dabba, ko aljani da marubuci ya ba shi rawar da zai taka.

Tauraro mai sauyawa shi ne wanda abubuwan da suka faru a labarin suka canja masa tunani da ɗabi'a, ta yadda wanda aka gani a shafin farko ya bambanta da wanda aka gani a shafin ƙarshe. Shi kuwa tauraron da ba ya sauyawa, yadda ya shigo labarin haka yake fita, ko da kuwa duniya ta juya masa baya ko ta yi masa daɗi.

Hanya mafi sauƙi ta gane bambancin ita ce a yi tambaya guda: idan aka sake gabatar wa tauraron jarrabawar da ya fuskanta a farko, abin da ya yi a da zai sake yi, ko kuwa zai yi wani abu dabam?

Masu sauraron tatsuniya sun daɗe da sanin nau'i na biyu. Duk irin wahalar da Gizo ya sha a daren jiya saboda haɗama da wayo, yara sun san cewa a tatsuniyar yau zai dawo da halinsa, kuma daɗin tatsuniyar a nan yake.

Akwai kuma wani rabon da ake yawan cakuɗa shi da wannan. A littafinsa na nazarin ƙagaggen labari wanda aka buga a 1927, marubucin Ingila E. M. Forster ya raba taurari zuwa masu fuska ɗaya, waɗanda za a iya bayyana halinsu a jimla guda, da masu fuskoki da yawa, waɗanda kan iya ba mai karatu mamaki.

Rabon Forster yana magana ne a kan zurfin tauraro, shi kuwa wancan yana magana ne a kan ko tauraron ya motsa daga inda yake. Tauraro zai iya zama mai zurfi amma bai sauya ba.

Kazalika ba dole ne babban tauraro ya zama mai sauyawa ba. Peter Pan, wanda J. M. Barrie ya fitar a wasan kwaikwayo a 1904 da kuma littafi a 1911, yaro ne da ya ƙi girma, kuma har labarin ya ƙare bai girma ba.

Marubucin da zamaninsa

Sunan marubucin Pinokiyo na yanka shi ne Carlo Lorenzini. An haife shi a birnin Florence a 1826, kuma mahaifinsa kuku ne a gidan wasu masu sarauta. Ya aro sunan Collodi ne daga ƙauyen mahaifiyarsa da ke yankin Tuscany.

Ya yi aikin jarida na tsawon shekaru, inda ya yi suna wajen zambo da habaici ga masu mulki, ya kuma shiga yaƙe-yaƙen neman 'yancin Italiya a matsayin ɗan sa-kai a 1848 da 1859.

Sai da ya doshi shekara hamsin sannan ya juya ga rubutun yara, inda ya fara da fassara tatsuniyoyin Faransa, daga baya ya rubuta littattafan karatu na makaranta.

A lokacin Italiya sabuwar ƙasa ce. An haɗe yankunanta ne a 1861, kuma ƙidayar da aka yi a shekarar ta nuna cewa fiye da kashi 70 cikin ɗari na jama'ar ƙasar ba su iya karatu da rubutu ba.

A 1877 aka kafa dokar da ta wajabta karatun firamare ga yara 'yan shekara shida zuwa tara. To amma ga talakan da ke buƙatar ɗansa a gona ko a wurin sana'a, tura yaro makaranta ba ƙaramar sadaukarwa ba ce.

Wannan ne ya sa makaranta, da yunwa, da neman na abinci suka mamaye littafin, duk da cewa cike yake da aljanu da dabbobi masu magana. Tambayar da ke ƙarƙashin labarin ita ce wadda iyaye da malamai ke yi a ko'ina: shin yaron da ya kangare yana iya gyaruwa?

Pinokiyon farko

A babi 15 na farko, amsar da Collodi ya bayar ita ce a'a.

Jepeto, wani tsohon masassaƙi matalauci, ya sassaƙa mutum-mutumin ne daga wani guntun itace mai magana, da niyyar ya riƙa yawo da shi yana wasa domin samun abin sawa a bakin salati. Tun kafin a gama sassaƙa shi Pinokiyo ya fizge hular gashin da tsohon ke sawa, ya kuma shure shi a hanci.

Da ya iya tafiya sai ya ruga a guje, kuma a rikicin da ya biyo baya Jepeto ne aka kai gidan yari, saboda mutanen gari sun yi zargin zai cutar da yaron.

A gida, wani Gyare mai magana, wanda ya shafe fiye da shekara ɗari a ɗakin, ya yi masa nasiha a kan biyayya ga iyaye da neman ilimi ko sana'a. Pinokiyo ya jefe shi da guduma ya kashe shi.

Da Jepeto ya fito, ya tarar yaron ya ƙone ƙafafunsa a kaskon wuta. Ya ba shi 'ya'yan itace uku da ya tanada domin karin kumallonsa, ya sassaƙa masa sababbin ƙafafu, sannan ya sayar da rigar sanyinsa tilo, ana tsakiyar zubar dusar ƙanƙara, domin ya saya masa littafin koyon karatu.

A kan hanyar makaranta Pinokiyo ya sayar da littafin domin ya biya kuɗin shiga gidan wasan 'yan tsana.

Mai gidan wasan, wanda sunansa ke nufin Maci Wuta, ya ba shi sulallan zinariya biyar ya kai wa mahaifinsa. Bai kai ba, domin ya gamu da wasu 'yan damfara biyu, Dila mai ƙaryar gurguntaka da Muzuru mai ƙaryar makanta, waɗanda suka ce masa akwai wani Filin Al'ajabi da idan aka binne sule ɗaya zai tsiro da 500.

Wani tsuntsu ya gargaɗe shi, fatalwar Gyaren da ya kashe ita ma ta gargaɗe shi, duk bai ji ba. Dila da Muzuru ne suka ɓad da kama suka zama 'yan fashin da suka rataye shi.

Da labarin ya tsaya a nan, da Pinokiyo ya shiga sahun taurarin da ba sa sauyawa. Yakan yi nadama, yakan yi kuka, yakan yi alkawari, amma da zarar an nuna masa wata sabuwar sharholiya sai ya manta.

Sai dai Collodi ya riga ya shuka wani iri. A gidan wasan, lokacin da Maci Wuta ya yanke shawarar jefa wata 'yar tsana a wuta domin gasa namansa, Pinokiyo ya roƙa a jefa shi a madadinta. Wannan ne ya nuna cewa akwai tausayi a cikin katakon, kuma a kan wannan tausayin aka gina sauran babi 21.

Waɗanda ba su motsa ba

Idan aka ƙirga taurarin littafin, za a ga cewa kusan dukkansu ba sa sauyawa. Mai karatu na iya ɗaukar hakan a matsayin rauni, amma a haƙiƙa shi ne ma'aunin da ake auna tafiyar Pinokiyo da shi. Matafiyi ba ya gane nisan da ya yi sai ya waiwaya ya hango bishiyar da ya bari a tsaye.

Na farko shi ne Jepeto. An nuna shi a matsayin tsoho mai saurin fushi, har ya yi dambe da maƙwabcinsa a babi na biyu, amma ƙaunarsa ga Pinokiyo ba ta taɓa raguwa ba. Mutumin da ya sayar da rigarsa shi ne kuma ya shiga teku a cikin ɗan ƙaramin kwalekwale yana neman ɗansa, har wani ƙaton kifi ya haɗiye shi.

Da a ce Jepeto ya gaji ya sallama yaron, da babu wurin da Pinokiyo zai koma.

Na biyu shi ne Gyare. An kashe shi a babi na huɗu, ya dawo a matsayin fatalwa, ya sake bayyana a cikin likitoci ukun da aka kira domin duba Pinokiyo bayan an sauko da shi daga bishiya, sannan a babin ƙarshe shi ne mai bukkar da Pinokiyo da mahaifinsa suka nemi mafaka a cikinta.

Saƙonsa guda ne a kowane karo. Abin da ya bambanta shi ne kunnen da ke sauraro. Yaron da ya jefe shi da guduma shi ne a ƙarshe ya roƙe shi da ya kore shi idan ya so, amma ya ji tausayin tsohon mahaifinsa.

Na uku su ne Dila da Muzuru. Sun damfari Pinokiyo sau biyu da ƙarya iri ɗaya, domin bayan ya tsira daga rataya ya sake bin su, ya binne sulalla huɗun da suka rage masa, suka tone suka gudu. Da ya kai ƙara, alƙalin garin, wani goggon biri, ya ɗaure shi wata huɗu saboda an yi masa sata.

A babin ƙarshe sun sake haɗuwa. Muzuru ya makance da gaske, Dila ya gurgunce da gaske har ya sayar da jelarsa saboda talauci, suna bara a bakin hanya. Sun nemi taimakonsa, shi kuwa ya tuna musu abin da suka yi masa ya wuce abinsa.

Mutanen dai su ne, hanyar dai ita ce, amma amsar ta bambanta. Wannan ita ce jarrabawar da ke tabbatar da cewa tauraro ya sauya.

Na huɗu shi ne abokinsa Lucignolo, wato Lagwani, wanda aka yi wa wannan laƙabi saboda sirantakarsa. Shi ne malalacin ajinsu, kuma shi ne hoton abin da Pinokiyo zai zama da bai sauya ba.

Shi kuwa Maci Wuta misali ne na abin da Forster ya bayyana. Mutum ne mai ban tsoro, mai baƙin gemu har ƙasa, amma da tausayi ya kama shi sai ya ɓarke da atishawa. Yana da fuska biyu, sai dai da su ya shigo labarin, da su kuma ya fita.

Sauyin siffa da sauyin hali

Littafin yana taimakawa wajen kawar da wani kuskure da ɗalibai kan yi, wato ɗaukar duk wani canji da ya sami tauraro a matsayin sauyin hali.

Aljana mai shuɗin gashi, wadda ta ceci Pinokiyo daga rataya, ita ce ta fi kowa sauya kama. Ta fara bayyana a matsayin yarinya, daga baya ta zama cikakkiyar mace da ta ɗauke shi a matsayin ɗa, sannan ta bayyana a siffar akuya a kan wani dutse a tsakiyar teku. A duk waɗannan siffofi halinta guda ne: takan hukunta, takan yafe, takan sake ba da dama.

Lagwani ya rikiɗe daga yaro zuwa jaki, amma rikiɗar ta fito ne da abin da ke cikinsa tun asali. Dila da Muzuru sun tashi daga cin abinci iri-iri a masauki da kuɗin wani zuwa bara, amma yanayinsu ne ya canja.

Hatta shi Pinokiyo, zamansa jaki da komawarsa katako ba su ne sauyinsa ba. Kuma zamansa ɗan Adam a shafin ƙarshe tukwici ne na sauyin da ya riga ya auku a zuciyarsa.

Haka nan batun hancinsa, wanda duniya ta fi saninsa da shi. A littafin, wurare ƙalilan ne hancin ya yi tsawo saboda ƙarya, kuma mafi shahara shi ne lokacin da ya yi wa Aljanar ƙarya har sau uku game da inda sulallansa suke. Babbar matsalarsa ita ce ƙyuya da son samun daɗi ba tare da gumi ba.

Yadda sauyin ya auku

Collodi bai gyara tauraronsa dare ɗaya ba. A babi 21 da ya ƙara, Pinokiyo yakan ci gaba, ya koma baya, ya sake tashi.

Lokacin da wani manomi ya kama shi yana satar inabi ya ɗaure shi a matsayin karen gadi, wasu namun daji masu satar kaji sun yi masa tayin cin hanci na kaza guda idan ya yi shiru. Ya ƙi, ya tona musu asiri.

A wani tsibiri da kowa ke aiki, ya gwammace ya yi bara da ya ɗauki kaya a biya shi, sai da yunwa ta ci ƙarfinsa sannan ya yarda ya ɗaukar wa wata mata tulun ruwa. Matar ita ce Aljanar.

Daga nan ya shiga makaranta, ya yi ƙoƙari har ya zo na ɗaya, Aljanar ta kuma yi masa albishir cewa washegari zai zama yaro kamar kowa. A daren ne ya bi Lagwani zuwa Ƙasar Wasa, inda babu makaranta, babu malami, kuma mako ya ƙunshi Alhamis shida da Lahadi ɗaya. A Italiyar wancan zamani ba a zuwa makaranta ranar Alhamis, kamar dai yadda ake hutu a makarantun allo.

Bayan wata biyar ana sharholiya, su biyun suka wayi gari da kunnuwan jaki. An sayar da Pinokiyo ga masu wasa da dabbobi, da ya gurgunce aka sayar da shi ga wani mutum da ke son fatarsa domin yin ganga. Mutumin ya ɗaura masa dutse ya jefa shi teku, kifaye suka cinye naman jakin, katakon ya fito.

A tekun ne ƙaton kifin nan ya haɗiye shi, ya kuma tarar da Jepeto a ciki, bayan da tsohon ya shafe shekara biyu a can. Manazarta da dama sun lura da kamannin wannan wuri da ƙissar Annabi Yunus, inda cikin kifi ya zama wurin komawa ga hanya.

A nan ne al'amura suka juya. Jepeto ya riga ya fid da rai, kuma bai iya iyo ba. Pinokiyo ne ya tsara hanyar fita, ya goya mahaifinsa a baya ya faɗa ruwa. Wanda a da ake ɗawainiya da shi, yanzu shi ne mai ɗawainiya.

Duk da haka marubucin bai ba shi tukwici a kan wannan jarumtar ta dare ɗaya ba. Sai da ya shafe fiye da wata biyar yana tashi kafin alfijir yana jan ruwa guga ɗari a gonar wani manomi, domin a ba shi kofi ɗaya na madara ya kai wa mahaifinsa marar lafiya. Ya koyi saƙar kwanduna, da daddare kuma yana koya wa kansa karatu da rubutu.

A gonar ne ya ga jakin da ya gada a aikin jan ruwan yana kwance yana mutuwa. Lagwani ne.

Jarrabawar ƙarshe ta zo ne lokacin da ya tara ƙananan kuɗi 40 domin ya saya wa kansa sabuwar riga. A hanyar kasuwa aka ce masa Aljanar tana kwance a asibiti ba ta da ko na abinci. Ya miƙa kuɗin duka, ya koma gida ya ninka yawan kwandunan da yake saƙawa. Da gari ya waye, ya farka a matsayin yaro ɗan Adam, kuɗin 40 kuma sun zama zinariya.

Mai karatun da ya lura zai ga yadda ƙarshen ya amsa farkon. Uba ya rabu da rigarsa saboda ɗa, ɗa ya haƙura da tasa saboda wadda ta zame masa uwa. Wata biyar na wasa, an biya su da wata biyar na aiki. Zinariyar da ya nema ta hanyar binne kuɗi bai samu ba, sai ta zo masa ta hanyar gumi da kyauta.

Suka da sababbin fassarori

Ba kowa ne ya gamsu da wannan ƙarshe ba. Wasu manazarta na ganin cewa mutum-mutumin mai tsaurin ido ya fi yaron kirkin da ya maye gurbinsa armashi, kuma littafin ya ƙare ne da horar da yaro ya zama ma'aikaci mai biyayya irin wanda sabuwar Italiya ke buƙata.

Wasu kuma na nuni da cewa duniyar da ake neman Pinokiyo ya yi wa biyayya ba ta da adalci: alƙali yana ɗaure wanda aka zalunta, 'yan sanda suna kama marar laifi, kuma mai safarar yara zuwa Ƙasar Wasa ya yi arziki ba tare da an hukunta shi ba.

Masu kare littafin na cewa wannan ma hujja ce a gare su, domin Pinokiyo bai sauya saboda tsoron hukuma ba, ya sauya ne saboda ganin halin da mahaifinsa ke ciki.

Waɗanda suka sake fasalin labarin daga baya sun taɓa wannan ma'auni ne kai tsaye. A Tarayyar Sobiyet, Aleksey Tolstoy ya fitar da nasa a 1936, inda tauraron mai suna Buratino ya ƙare a matsayin katako kamar yadda ya fara.

A fim ɗin kamfanin Disney na 1940, an mayar da Pinokiyo yaro mai sauƙin kai wanda rashin sani ke ɓatar da shi, kuma maimakon ya kashe Gyare sai Gyaren ya zama abokin tafiyarsa. Hakan ya sa fim ɗin ya fi taushi, amma ya rage nisan da tauraron ya yi tsakanin farko da ƙarshe.

Shi kuwa daraktan ƙasar Mexico, Guillermo del Toro, a fim ɗinsa na 2022 wanda ya lashe kyautar Oscar a 2023, ya juya lissafin ne. Ya mayar da labarin zamanin mulkin Mussolini, inda biyayya ido rufe ta zama abin tsoro, ya kuma bar Pinokiyo a matsayin katako. Wanda ya fi sauyawa a fim ɗin shi ne Jepeto, uban da ya koyi karɓar ɗansa yadda yake.

Wannan na nuna cewa zaɓen wanda zai sauya da wanda zai tsaya shi ne ke ɗauke da jigon labari. Idan aka canja shi, saƙon ma ya canja, ko da sunayen taurarin na nan yadda suke.

Hausawa na cewa hali zanen dutse ne, suna kuma cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Littafin Collodi ya ba kowane karin magana haƙƙinsa: na farko ya dace da Dila da Muzuru da Lagwani, na biyu kuma ya dace da yaron da ya sami uba mai haƙuri, da mai nasihar da bai gaji ba, da kuma lokacin da zai faɗi ya tashi.

An buga labarin a matsayin littafi a birnin Florence a 1883, aka fassara shi zuwa Ingilishi a 1892, kuma a yau yana cikin littattafan da aka fi fassarawa a duniya.

Collodi ya rasu a watan Oktoban 1890, yana da shekara 63, kafin littafin ya yi irin sunan da ya yi daga baya.